Kwallin Alhaji da Idon Mesa

Saura kaɗan in haɗiye labarin nan, don na san halinku, gobe sai in ji kun laƙaba mini Sarkin Macizai. Amma tunda kun haɗa shayi, bari in ba ku, don abin bai taɓa fita daga raina ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Lokacin ba mu da yawa a Guangzhou, idan an idar da Juma'a a Masallacin Huaisheng sai ka gaisa da duk Bahaushen garin kafin ka sa takalmi. Ina aiki a wani ofishin kago a Dengfeng. Ni ke karɓar kayan 'yan kasuwarmu, a auna, a ɗaure, a zuba a kwantena. Ni ne kuma tafinta tsakaninsu da mai ofishin, wanda muke ce wa Lawban, wato maigida.

To, Lawban yana da mesa. E, mesa, a akwatin gilashi gefen teburinsa, yana ji da ita kamar 'yar fari. Ni kuwa na zaga Jidda, na zaga Legas da Dubai, ban taɓa zama ɗaki ɗaya da abin ƙasa da sanina ba. Kujerata ma bakin ƙofa na kai ta.

Da sabuwar shekarar mutanen ƙasar ta zo, kowa ya nufi garinsu. Lawban ya miƙa mini makulli, ya nuna sito, ya nuna akwatin, ya ce, "Kaya in sun lalace, a sayi wasu. Wannan kuwa, meyo." Meyo shi ne babu. Wato ba ta da madadi.

Bai daɗe da tafiya ba mesar ta ƙi cin ɓeranta. Jikinta ya dushe kamar tsohon buhu. Wata safiya na leƙa, sai na ga idanunta sun yi fari-fari, kamar an ɗiga musu madara. Amanar mutum ta makance a hannuna, in ce masa me? Na aika masa saƙo ta feja, 'yar na'urar nan ta karɓar saƙo, don lokacin wayar hannu sai manya, na zauna jira.

Ina cikin haka sai ga Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen fitilu da batir, ya zo duba kayansa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Ɗan Kano, mi kake jira? Yanar ido ce ta rufe mata gani. Haka ta yi ma gwaggona."

Na ce, "Alhaji, gwaggonka mesa ce?"

Ya ce, "Ido dai ido ne." Ya laluba aljihu ya fito da tandun kwallinsa, wai na Madina ne. "Kai riƙe kan, ni in zizara."

Ku daina dariya. Wallahi a lokacin maganar ta shige ni. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na ɗaga murfin. Mesar da ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba ta ja wani huci, sai da Alhaji ya taka ƙafata. A daidai nan wayar ofis ta yi ƙara.

Lawban ne. Na faɗa masa komai, har na rasa yadda zan ce kwalli da yarensu, na ce baƙin garin ido. Ihun da ya yi har Alhaji ya jiyo. Ya ce kar in taɓa ta, kar in ba ta abinci, ba ta gani sosai yanzu, shi ya sa take tsoro. In sa mata kwanon ruwan ɗumi, da jiƙaƙƙen tawul, da dutse mai kaushi, in rufe in bar ta. Ya ce, "Riga za ta canza."

Na juya na ce, "Alhaji, saɓa za ta yi."

Tun muna yara muke tsintar saɓar maciji a gona da jikin danga, amma ba wanda ya taɓa ganin mai ita kafin ya tuɓe.

Kullum ina canza ruwa, ina jiƙa tawul. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe. Alhaji ya ce ai ganin kwallin ma kawai ya wadatar.

Ranar wata Juma'a muka dawo daga masallaci tare, muka tarar tana goga hancinta a dutsen. Fatar ta tsage daga leɓe, ta fara naɗewa baya, ciki na komawa waje kamar ana cire safa. A hankali take fitowa, ba gaggawa, ba jini, ba ƙara. Abin da ke fitowa kuwa sheƙi yake, zanen jikinta kamar yanzu aka gama shi. Alhaji ba abin da yake maimaitawa sai subhanallahi. Da ta gama, na ɗauko saɓar, sai ga wasu 'yan fale-falen marufai biyu a wurin idanu. Ashe har idon ma sabo ake ba ta. A kan wannan muka so mu zizara kwalli.

Da Lawban ya dawo, bai tambayi sito ba. Marufan nan ya fara dubawa a hasken taga, sannan ya kama hannuna da hannu biyu. Tun daga ranar na gane a aikin nan namu na riƙon kayan mutane, wani lokacin amanar ita ce ka janye hannunka, ka tambayi mai abu.

Da Alhaji zai koma gida na raka shi neman tasi. Har ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai ya juyo ya ce, "Ɗan Kano, wai ita, sa'adda idon nan ya rufe, ta san akwai sabo a ƙarƙashi, ko ita ma ta ɗauka makancewa ta yi?"