Dutsen Kaka da Randar Halime

Ranar Laraba ce, saura kwana tara a kama azumi, a shekarar da nake aji huɗu a lekol, wato makarantar boko. Na dawo gida da rana tsaka, littattafaina a ka, na tarar da Kaka Hajje zaune a inuwar darbejiyar tsakar gidanmu na unguwar Chagoua, Halime na gabanta da sabuwar randa tsakanin ƙafafu. Abin da ke hannun Halime ne ya tsayar da ni a bakin zaure. Dutsen da Kaka ke goge tukwanen da take ginawa da shi ne, baƙi sumul, bai wuce girman ƙwan zabuwa ba. Mahaifiyar Kaka ce ta ƙullo shi a bakin zane tun daga ƙasar Hausa, lokacin da suka taso da niyyar Makka, tafiyar ta ƙare musu a nan bakin kogin Shari. Ko ɗauke shi aka ce in yi don a yi shara, sai Kaka ta ce in wanke hannu tukuna. Yau ga shi Halime na murza shi a jikin randa kamar nata. Ina tsaye na ji Kaka ta ce mata, "In wannan ta fito wuta lafiya, dutsen ya zama naki."

Halime 'yar Baffana ce, wata biyu kacal na ba ta, ɗaki ɗaya muke kwana tun rasuwar mahaifiyarta. Tare muke ɗebo ruwa, tare muke carafke a bakin zaure, in an yi mana kitso iri ɗaya ake yi. Sai dai ni an sa ni lekol, ita kuwa makarantar allo kawai take zuwa da yamma, don haka duk safiyar da nake gaban allo ina haddace Faransanci, ita tana gindin Kaka. Ita ke bin ta bakin kogi su haƙo yumɓu in ruwa ya ja baya. Ita ta san a jiƙa shi kwana uku, a tsince tsakuwa da ɗan yatsa, a daka fasassun tukwane a turmi a tankaɗe a zuba a ciki don ya yi ƙarfi, sannan a tattaka da ƙafa har ya daina manne wa diddige. Ta iya ɗora gindi a kan tsohuwar tukunya da aka kife, ta mulmula yumɓu kamar igiya tana ɗorawa zagaye bayan zagaye har wuya ya fito. Ni kuwa aikina wankin kwanoni da kai wa Baba abinci rumfarsa ta nama. In na kawo sakamako mai kyau daga lekol, Kaka ta shafa kaina ta ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. In Halime ta fitar da bakin tulu daidai, sai Kaka ta kira maƙwabta su zo su gani.

A yammacin nan na saci yumɓu daga ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhun da Kaka ke rufe shi da shi, na kai bayan garken awaki. Kwana biyu ina gina ɗan tulu a ɓoye, kuma wallahi bai yi muni ba. Matsalar ita ce ranar Litinin za a toya tukwane, ita kuwa tukunya a inuwa take bushewa, sannu a hankali, randar Halime ma ta fi sati biyu a rumfa. Sai na ɗora nawa a kan rufin garken, rana ta buge shi kwana uku har bayansa ya yi fari. Kaka tana da yadda take gane busasshiyar tukunya: kuncinta take ɗorawa a jiki ta lumshe ido. "In kin ji sanyi, akwai sauran ruwa a cikinta," haka take cewa, "ruwa kuwa in ya ji wuta, sai ya nemi hanya." Na ɗora kuncina a kan tuluna, na ji sanyi sarai. Na ce wa kaina ai fuskata ce ta yi zafi.

Ranar Litinin aka jera tukwane a ramin da ke bayan gida, a kife, manya a tsakiya, aka lulluɓe su da busasshen kashin shanu da kara da ciyawa. Da kowa ya shige sallar azahar, na ɗaga ciyawar na cusa tuluna a jikin randar Halime. Ban yi niyyar ɓata mata komai ba, Allah shaida ne. So nake su fito tare, gefe da gefe, Kaka ta ɗaga nawa ta tambayi wanda ya gina. Bayan la'asar aka kunna wuta. Ba a daɗe ba muka ji ƙara tas, kamar an jefi kwano da dutse. Kaka na jan carbi, sai na ga yatsunta sun tsaya. Ta san duk abin da ta jera ta gwada shi da kuncinta.

Da safe aka tone toka. Tukwane biyu sun dare, randar Halime kuwa ta fito ja jawur, tana sheƙi duk inda dutse ya bi, sai dai a gefenta akwai rami da hannu zai shiga. Halime ta durƙusa tana shafa ta, ko kuka ba ta yi ba. Kaka ta tsinci wuyan tuluna a cikin toka, ta juya shi, ta duba sawun yatsu a ciki. Ta ce, "Mairo, zo." Na zo. "Wadda ta gina wannan tana da hannu. Haƙuri ne ba ta da shi." Na fashe da kuka ina jiran bulala, amma ba wanda ya taɓa ni. Halime ta kwashe fasassun duka, nata da nawa, ta zuba a turmi, ta miƙo min taɓarya. "Yi daka, 'yar lekol, ke kika fi ƙarfi yau." Garin muka zuba a sabon yumɓu, bayan sallah Halime ta gina wata randar, ta fito lafiya, Kaka ta danƙa mata dutsen a gabana. Abin kunya, har yafewar da ta yi min sai da na ji ƙyashinta, don na san in ni ce, da ban iya ba.

Randar nan da ita aka kawo ni ɗakin aurena a unguwar Amriguébé. Halime ce ta kafa ta a kan yashi, ta cika ta zubar sau uku har warin ƙasa ya fita, ta turara ta, ta ja min kunne kada sabulu ya taɓa cikinta, kada kuma in bar ta a rana ba ruwa. Yanzu muna da firji, yarana ruwan roba suke so, ramin toyi na Chagoua ma an yi ɗaki a kansa. Halime na unguwar Goudji, jefi-jefi take gini, tana kukan ba mai son koyo. Kwanaki na kai mata ziyara, na ga dutsen a hannun jikarta tana wasa da shi, sai na ji ƙyashin nan ya sake motsawa, ni da furfura. Na yi istigfari, na dawo gida na ɗebi ruwa a randa. Yana da sanyi kamar kullum, kuma na san a jikinta akwai ɗan tuluna.