Masaukin Ruwa

A gidanmu na Balsall Heath, can ƙasar Turawa, babu murhu, hitar gas ce a falo. Amma Kaka, mahaifiyar Babanmu da aka kawo daga Haɗeja don aikin ido, "wuta" take ce mata. Da an idar da Magariba sai ta miƙe ƙafa a gabanta, safa biyu-biyu, ta ce, "Ku matso, Turawan gidan nan, ga ta nan da zafinta." Mu amsa da karyayyar Hausarmu. Ina son wannan lokacin fiye da komai.

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta mai garin da ya yi sabon takalmi, lakar fadamar bayan gari ta ɓata masa. Ya fusata, ya sa a cike fadamar da ƙasa. Wata tsohuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, nan ne fa masaukin Ruwa." Aka yi mata dariya. Da damina Ruwa ya iso, ya yi sallama a masaukinsa, shiru.

"Baƙo ai ba ya kwana a waje," in ji Kaka. "Ɗakin mai gari ya zaɓa, har kan gado."

Yayana Sani ya ce, "Kaka, why didn't he just go back?"

"Kai, tafi can! Ka taɓa ganin ruwa ya yi ribas?"

Yanzu ni injiniya ce a Manchester. Ina sabuwa a aiki aka ba ni takardun wata fadamar gishiri, inda kogi ke shiga teku, ana so a cike ta a yi wajen ajiye manyan motoci. Bayanta gidajen mutane ne. Sa hannuna ake jira, ogana kuma ya ce laka ce kawai. Wallahi na ji tsoron rasa aikina.

Na je na tsaya a wurin. Teku ya shigo a hankali, ya bazu cikin ciyawa, tsuntsaye na kiwo, bayan wasu awanni ya janye abinsa. Na koma na yi lissafin inda zai nufa in aka toshe, na ƙi sa hannu.

Aka cire ni daga aikin, wata shida ina auna kwalbati, amma lissafin ya shiga fayil, shi ya sa aka fasa cikewar. Fadamar tana nan. Masu gidajen ba su san sunana ba, kuma har yau ba su kwashe ruwa da bokiti ba.