Gaisuwar da ta cinye mini tambaya

Ƙarfe shida da minti ashirin na safe abubuwa suka fara karkacewa. Mun tashi da asuba, ni da ƙawata 'yar Maraɗi, amma da muka isa tashar Manassas, garin da muke zaune a Amurka, sai ƙeyar jirgin ƙasan muka hango tana shigewa cikin hazo. Washington muka nufa, taron da wata cibiyar bincike ta shirya kan manufofin Amurka a Afirka. Ita abincin kyauta ya fito da ita. Ni kuwa tambaya ɗaya na ɗauko: tunda an tsaurara ba da biza ga 'yan ƙasarmu, ko Inna za ta samu zuwa bikin kammala karatuna a watan Mayu?

Muka hau jirgi na gaba. Na jingina kai da taga, dazuzzuka na wucewa da sabon ganye, bayan gidaje, coci, filin motoci. Da muka hau gadar kogin Potomac ruwan ya kwanta luf, na ga kamar Inna ce zaune a kujerar gabana, tana tambaya ko wannan duk ruwan ba mai noma da shi. A cikin birni furanni sun rufe itatuwa, iska na kaɗo su kan kafaɗun masu sauri. Shayi kofi ɗaya dala biyar, kuma ba madara.

Mun makara, sai kujerun baya muka samu. Mutum huɗu ne a kan dandamali, duk masu furfura. Sun yi maganar ma'adinai da tsaro da gogayya da China. Suna faɗin Afirka kamar sunan unguwa ɗaya, ni kuma ina ta leƙen inda garinmu zai faɗo a cikin zancen. Bai faɗo ba.

Aka ce kowane mai tambaya ya taƙaita. Makirufo ya iso hannuna yana rawa. Ban taɓa yi wa babba magana ban gaishe shi ba, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, na yi musu sannu da ƙoƙari, na gode wa masu masauki, na nemi afuwa idan na yi kuskure. Ina buɗe baki in ambaci Inna, mai gabatarwa ya yi murmushi ya ce lokaci ya ƙare.

"Ke, neman aure kika zo?" in ji ƙawata. "Saura ki tambaye su ya gajiya, ya iyali!"

Muna layin abinci wata dattijuwa daga cikin huɗun, tsohuwar jami'ar diflomasiyya, ta taɓa hannuna. Ta ce ta zauna a Yamai, ta san gaisuwar nan, ta kuma san akwai magana a bayanta. Na faɗa mata. Ta ajiye farantinta, ta ba ni amsa.

Da la'asar muka koma Manassas, ƙawata na barci a kafaɗata. Na koyi cewa a Washington tambaya ake fara jefawa, gaisuwa ta biyo baya in an samu sarari. Har yanzu ban kira gida ba, ina neman bakin da zan maimaita abin da dattijuwar ta ce:

"Ba zan yaudare ki ba, 'yata. Ba na jin ƙofar za ta buɗe kafin Mayu. Ki nemi mai riƙe miki waya ranar ya nuna wa Innarki bikin, wanda hannunsa ba ya rawa."