Saƙon Kwalbatin Kwandiko

Har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ɗakin nan mai sanyi nake tunawa, a ofishin kamfanin gina hanya da na yi wa aiki a Birnin Kudu. Ni ce mai kula da kwamfutoci. Manya biyu suna ɗakin suna gurnani a hankali, ta ukunsu tana sansanin ma'aikata a Gwaram, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya: zanen da injiniya ya gyara a nan, a can ma ya gyaru. To, ina! Sabis ya ɗauke, ko mai janareta ya kashe ya tafi cin kasuwa, saƙo ya bi iska ba wanda ya sani.

Abin da ya hana ni sukuni wani kwalbati ne a hanyar Kwandiko, daidai gindin gonar Inna, mahaifiyata. Zanen farko ya yi masa ƙaramin baki. Injiniya ya yarda zai faɗaɗa, yana dai ƙarasa lissafin ruwa. In aka zuba kankare da tsohon zane, ruwan damina zai rasa hanya ya koma ya kwanta kan geronta. Gonar nan ita kaɗai Baba ya bar mata.

Sai na ɗora manhajar da muke kira dillalin saƙo. Aikinta ta zauna a tsakani, ta karɓi saƙo daga wannan kwamfuta, ta riƙe shi a layi, ta miƙa wa waccan, kuma ba ta sakinsa sai an ce mata ya shiga hannu. Da na yi wa Inna bayani a waya, dariya ta yi.

"Yo wannan har sai an je makaranta? In na ba direba ƙullin daddawa ya kai miki, ai ba na sakewa sai na ji kin ce ya iso."

Ranar kasuwar Gwaram na gwada, aka kashe janareta kamar kullum, saƙonnin duka suka ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe masu manhajar sun sa wa saƙo wa'adi, in ya ɗan jima ba mai karɓa, a zubar. Kai, jama'a! Su a ƙasarsu wuta ba ta zuwa cin kasuwa. Na cire wa'adin gaba ɗaya.

"Malama, in layin ya cika fa?" in ji injiniya.

"Ranka ya daɗe, ya cika ɗin. Ai ba zafi yake ji ba."

Ranar da ya saki sabon zanen, iska mai ƙarfi ta kayar da ƙarfen sabis na wajen Gwaram. Waya ba ta shiga, rafi ya tare hanya, ko ɗan acaɓa ya ƙi zuwa. Su kuwa ma'aikata na san sun kafa katakon kwalbatin bisa tsohon zane, rana kawai suke jira su zuba siminti. Wallahi na ji tsoro.

Ba abin da zan iya, sai na zauna gaban allon ina kallon saƙo ɗaya tal a layi. Ta taga duwatsun garin nan sun jiƙe sun yi baƙi, gajimare na ratsa su ba gaggawa. Sanyin ɗakin da gurnanin injina suka riƙa jan idona. Sai ga ni a tashar Gwaram ina yarinya, riƙe da gefen zanin Inna. Ga saƙon ya zama wata tsohuwa da ƙwarya a ka, tana zaune ƙarƙashin tsamiya. Motoci suna cika suna tashi, ana ce mata, Iya, ki koma gida, yau ba hanya. Ita ko murmushi kawai take, tana gyara gammo. Gero ya tsiro a tsakiyar tashar, yana kaɗawa har gwiwata, Baba yana can nesa da fartanya, bai waiwayo ba.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. Na murza ido. Layin babu kowa, a gefe an rubuta an karɓa.

Ban gama gaskata idona ba wayata ta yi ƙara. Shugaban ma'aikatan Gwaram ne, muryarsa na yankewa.

"Hajiya, sabis ya dawo, yanzu muka tada janareta muka ga sabon zane. Saura ƙiris, mun riga mun jiƙa yashi. Ga yara can suna ɓalle katakon."

Na kira Inna. Na so in faɗa mata komai, faɗin kwalbatin, da tsohuwar nan, da Baba.

"Inna," na ce, "saƙon ya isa."

Ina jin ɗigar ruwa daga indararo a bayanta.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "To tashi ki ci abinci."