Fatun da taubashina ya saye

Ni magini ne, yaɓe da ginin ƙasa na gada. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, nan Agadas. Muna cikin koyon haɗa baƙaƙe furojen agajin da ke biyan mushenmu, wato malamin ajin, ya tattara ya tafi. Mushe ya ce yana son mu, amma iyalinsa ba za su ci alli ba.

Kuɗi ba mu da su, aiki ne ke hannun kowa. Sai ƙungiyoyin unguwa suka zauna: mu magina, mata masu saƙar tabarma, ƴan kabu-kabu, ƴan ga-ruwa da maƙera. Aka yanka fatu ƙanana, maƙera suka buga musu hatimi da wuta. Fata ɗaya, aikin safe zuwa azahar. In na yi wa wata tsohuwa yaɓe ta ba ni fata, in kai wa mushe, shi ya ba mai kawo masa ruwa, mai ruwa ya ba ɗan kabu-kabun da ke kai matarsa asibiti. Doka ɗaya muka yi. Duk wanda zai miƙa fata, sai ya faɗi wanda ya yi wa aiki ya same ta. Da haka aji ya ci gaba.

Ana nan taubashina ya dawo daga dajin zinariya da sabuwar mato. Katangar gidansa ta tsage, damina ta kusa, mu kuwa magina duk mun yi alkawarin gidajen masu fata. Da ya ga layi ya yi masa tsawo, sai ya shiga bin mutane yana sayen fata da sefa. Ban zargi waɗanda suka sayar ba, hatsi ya yi tsada a shekarar. Amma fata ta ɓace daga hannun jama'a. Ɗalibai suka rasa abin ba mushe, kunya ta hana su zuwa, har muka koma ƴan kaɗan bisa tabarma. Mushe ya fara zancen komawa garinsu.

Wata safiya ina kan tsani sai ga taubashin nan, aljihu cike da fatu.

«Bawana, sauko! Ga abin naku na kawo, har da na gobe da jibi, zo ka gyara mini katanga.»

Na ce, «Sannu da zuwa, yaron gidanmu. Wa ka yi wa aiki?»

«Wane aiki? Hatimin ba na gaske ba ne?»

«Na gaske ne. Wa ka yi wa aiki?»

Ya yi dariya. «Tsoho da kayen rubutu a hammata, kana karatun da jikokinka suka wuce, kai ne za ka yi mini tambaya? To bar fatar, in ba ka sefa ninki biyu.»

Gaskiya kuɗin sun shiga idona, don a lokacin buhun gidana ya kusa ƙasa. Na ɗebi laka na ci gaba da shafe bango.

Na ce, «Ga fartanya can. Tuɓe agogon, ka kwaɓa mini ƙasa zuwa azahar, mai gidan nan ta ba ka fata ɗaya mai kyau.»

Tsohuwar da nake wa yaɓe ta leƙo daga zaure. «Wannan? Ai ko kwaɓin fura bai iya ba!»

Ya tafi yana zagi. Ya kai wa sauran magina fatun, suka yi masa tambayar nan. Ya tsai da ɗan ga-ruwa, shi ma haka. Daga baya ya ɗauko magina daga wata unguwa, ya biya su sefa, katangarsa ta tsaya lafiya. Ban ji haushi ba, da ma haka ya kamata ya yi tun farko.

Maƙera suka canza hatimi, aka yanka sababbin fatu. Wasu daga waɗanda suka sayar ba su dawo cikinmu ba, kuma matata ta yi kwanaki ba ta sakar mini fuska ba saboda kuɗin da na ƙi. Taubashina har yau in mun haɗu a jana'iza gaisuwa ce kawai, wasan ya mutu.

Mushe bai tafi ba. Ranar da aji ya sake cika, ya kira ni gaban allo, ya ce in rubuta sunan sana'ata. Na daɗe tsaye, na goge, na sake. Ba wanda ya tashi sai da na gama.