Fitilar Modem Ɗin Baba

Gidanmu na Wudil a gangare yake, ta wajen kogi, sabis ba ya shiga ɗakuna. Wuri ɗaya yake kamawa, tagar zaure. Shi ya sa in Baba ya taso daga ofis bayan la'asar ba ya wucewa ciki. Sai ya ɗora kwamfutarsa a benci ƙarƙashin tagar, ya soka mata modem, ya danna abin da zai danna, ita kuma ta riƙa watso waifai har tsakar gida. Da haka Umma take sanin ya dawo tun kafin ya yi sallama. Wayarta ce za ta fara ƙara a kan tabarma, saƙonnin yini guda suna ta zubowa, sai ta ce in kai wa Malam ruwa.

Ya fi sau biyar yana zaunar da ni zai koya mini. Ni kuwa ba na iya jiran mutum ya gama bayani, Baba kuma in zai nuna maka abu sai ya faro daga yadda ake buɗe murfi. A na ƙarshe na ce masa ya yi kawai, ai kullum yana nan. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Uwar gaggawa, ke ko shayi ba kya bari ya huce."

Da damina ya rasu. Yayata tana aure a Fatakwal, cikinta ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya, ko gaisuwa ba ta samu zuwa ba. Umma ta shiga takaba. Zaure kullum cike da maza masu ta'aziyya daga Indabo da Lajawa, kuma ko babu kowa, mai takaba ba za ta je ta tsaya a taga tana fuskantar titi ba. Ana haka Yaya ta haihu. Mijinta ya kira ƙaramar wayata mai madannai ya ce lafiya ƙalau suke. Da na faɗa wa Umma, ta ce ita "lafiya ƙalau" ta waya ta ishe ta, haka aka ce mata daga asibiti ranar da Malam ya cika. Fuskar 'yarta take so ta gani tana motsi.

Na ɗauko kwamfutar daga jakarsa, har lokacin tana ƙanshin turarensa. Da baƙi suka ragu na kai ta zaure. Wurin kunna waifai ɗin ban sha wuyar gano shi ba, amma duk na danna sai ta ce babu intanet da za ta raba. Fitilar modem sai ƙiftawa take yi. In zare, in hura masa iska, in mayar. Ya fara ƙiftawa, in sake zarewa. Kwana biyu ina wannan, har zagin kwamfutar na yi. Umma ba ta tambaye ni ba, sai dai duk na shigo zan tarar da wayarta a kan cinyarta.

Rana ta uku na kifa kwamfutar zan cire batir don haushi, sai ga takarda manne a ƙasa da salatif. Rubutunsa ne, mai kwanciya gefe. A sama ya sa "Na uwar gaggawa." Ya jero komai, har da yadda ake buɗe murfin. A tsakiya ya ja layi biyu ƙarƙashin wannan: "Ki jira fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya shuɗiya. Kar ki zare. A gidan nan tana daɗewa."

Na soka modem, na zauna a kan hannuwana. Motoci suna ta wucewa ta gada, wata mai tallan gyaɗa ta leƙo ta koma. Sau biyu na kusa kai hannu. Can fitilar ta tsaya, shuɗiya. Na danna.

Daga cikin gida na ji wayar Umma ta fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya, ita da kanta ta gane waifai ɗin. Sai muryar Umma, yadda take ɗago ta kullum: "Ke, tashi ki kai wa Malam…"

Ba ta ƙarasa ba. Na daɗe a benci kafin na iya shiga. Na tarar ta rufe baki da gefen mayafi. Ni ban iya lallashi ba, sai na karɓi wayar na kira Yaya. Fuskarta ta fito, ta kumbura, ta ɗaura ɗankwali a karkace. Suka yi ta kallon juna. Da ƙyar Yaya ta ɗago jaririn, Umma ta matso da wayar daf da idonta ta ce goshin Malam ne, sak.

Takaba ta ƙare tuni, Umma tana iya zuwa taga in ta so, amma ba ta zuwa. Har yanzu bayan la'asar nake kunnawa. Ruwan ma ina kaiwa zaure a kofinsa, in zauna a bencin in sha, ina jiran fitila.