Takalman da Baba Ya Tuɓe a Bankok

Ina cikin aji a Ribah, da alli a hannuna, ƙanena Nasiru ya kira ni ya ce Baba ya cika. Na ce masa to. Na ƙarasa rubutun da nake yi a allo, na goge hannuna, sannan na nemi babur zuwa Zuru. Yau kwana tara ke nan, har yanzu hawaye bai zo mini ba.

Baba malamin gona ne, ya ƙare ƙarfinsa yana bin ƙauyukan Dabai da Danko. Sau ɗaya ya taɓa barin ƙasar nan, lokacin da aka tura su kwas na noman shinkafa a Thailand. Ranar hutunsu aka saka su a jirgin ruwa cikin kogin da ya ratsa birnin Bankok. Labarin wannan yinin ya yi ta ba mu har muka haddace: fadar sarakunansu mai rufi yana ɗaukar ido, da tsohuwar ganuwa fara tas, da wani haikali a ɗaya gaɓar wanda aka lulluɓe hasumiyarsa da fasassun tangaran. Yakan ce, "Abin da muke sharewa mu kai bola, su da shi suka yi wa gini ado." Tun daga nan ya hana a zubar da fasasshen faranti a gidanmu, Inna tana ta mita.

A ƙofar haikalin an ce kowa ya tuɓe takalmi, ya tuɓe. Abokin tafiyarsa ya ɗauke shi hoto ƙafa ba takalmi, Baba kuma da ya dawo ya rataye hoton a falo. Ƙanensa, Baffa Sale, da ya gani sai ya ce a gaban mutane yayansa ya yi wa gidan gunki ladabin masallaci. Baba ya ce, "Gidan mutane ne, Sale. Sun ce a tuɓe, na tuɓe. Goshina bai taɓa ƙasa ba." Baffa ya rantse ba zai ƙara taka gidanmu ba sai an sauke hoton.

Ba zan ɓoye ba, Baba yana da taurin kai. Bai sauke ba, Baffa ma bai dawo ba, aka yi shekara goma sha ɗaya a haka. Amma duk farkon damina sai Baba ya ƙulle irin shinkafa mai kyau ya ce mini, "Ki kai wa Sale, kar ki ce daga ni ne." Baffa yakan karɓa, bai taɓa tambayata daga ina ba.

Ranar rasuwar an jira Baffa har liman ya ce ba a barin gawa haka. Sai bayan an dawo daga maƙabarta ya iso daga Danko, babur ya lalace masa a hanya, wandonsa duk laka. Ya tsaya a zaure ya aika a kira ni.

"Ɗiyata," ya ce, "ya yi maganata kahin shi cika?"

Na riga na tambayi Inna wannan. Da na so, da na yi masa ƙarya ya samu sauƙi, amma bakina bai iya ba.

"Bai ce komai ba, Baffa. Ruwa kawai ya nema."

Ya gyaɗa kai, ya zauna a ƙasa nan cikin zauren. Na tsaya ina kallonsa, ban ji haushi ba, ban ji tausayi ba. Ban ji komai ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Inna da mu 'ya'yansa haƙuri. Baffa kuma, da ya zo neman yafiya ya tarar an rufe mai yafewar, Ya Allah Ka yafe masa, Ka sada su inda babu sauran gaba.